Bakin Atamfa: Tarihin Koyi da Algus a Masana'antun Kano

Tun daga shekarar 2020, lokacin da hukumar duniya mai kula da haƙƙin fasaha, wadda ake kira WIPO, ta buɗe ofishinta a Abuja, ta kuma soma shirya wa ɗaliban manyan makarantun Nijeriya gasar rubutu a kan wannan fanni, ya daina zama abin mamaki a ga ɗalibin shari'a, ko na Jami'ar Bayero ko na Zariya ko na makarantar horon lauyoyi da ke Bagauda, ya raba dare yana tufka da warwara a kan yadda za a gyara dokar haƙƙin mallaka, yana fatan alƙalan gasa su fifita shawararsa bisa ta 'yan uwansa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ɗalibai ɗan ƙanena ne, wanda ya zo mini wata rana bayan sallar isha'i da takardunsa a hannu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya roƙi in duba masa abin da ya rubuta. Na karanta, na tarar yaro ya yi ƙoƙari matuƙa: ya kawo hujjoji daga Amurka da Ingila, ya yi dogon bayani a kan waƙoƙi da finafinai da intanet, ya kuma tattara shawararsa duka a kan abu guda, wato a ninka tara, a tsawaita ɗauri.

Na ce masa, "Ɗana, ka taɓa shiga Sharaɗa ko Calawa ka duba abin da ke bayan katangun nan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Baffa, me ya haɗa Sharaɗa da haƙƙin mallaka? Ai can kamfanoni ne."

Wannan maƙala amsar tambayarsa ce, domin hakika babu inda mas'alar kwafi ta ci dukiya da mutuncin magidanta a ƙasar Kano kamar waɗannan unguwanni uku na masana'antu, Bompai da Sharaɗa da Calawa, kuma wanda zai yi wa doka kwaskwarima bai san tarihinsu ba, kamar mai ba da fatawa ne tun bai gama jin mas'ala ba.

Sai mu faro daga tushe. Mutanen Kano na dauri, malamansu da masu sana'arsu, ba su ɗauki kwafi a kan laifi ba, hasali ma da shi ilmi ya rayu, domin kafin zuwan injin ɗab'i babu hanyar da ɗalibi zai mallaki Risala ko Muhtasar face ya nemi takarda da tawada da alƙalamin kara ya juya littafin malaminsa harafi bayan harafi, ko ya biya wani mai kyan hannu ya juya masa. Ba a neman iznin magadan mawallafi, ba a biyan su ko wuri. Amma akwai sharaɗi guda wanda ba a sassauta shi, shi ne amanar jingina magana ga mai ita: mai juya littafi yakan rubuta sunan mawallafi a farko, ya sa nasa sunan a ƙarshe tare da neman addu'a, malami kuma yakan ba almajirinsa ijaza mai ɗauke da isnadi, mutum bayan mutum, har a kai ga wanda ya wallafa. Ishiriniya, wadda ba gidan malami a birnin nan da ba a san ta ba, misali ce bayyananna, gama baitocin Alfazazi ne Ibn Mahib ya yi musu tahmisi, ya gina nasa a jikin na wani, aka kuwa yabe shi a kan haka ɗarurruwan shekaru, saboda bai taɓa cewa tubalin nasa ne ba. Abin da malamai suka ƙyamata shi ne intihali, mutum ya yaɓa wa kansa aikin wani, ko ya yaɓa wa babban malami maganar da bai faɗa ba don ta sami kasuwa.

Haka al'amarin yake a kasuwa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kuma kafa kasuwar Kurmi, masaƙi yana koyon saƙi da barage da tsamiya daga wani masaƙi, marini yana ganin ɗaurin maƙwabcinsa a karofi gobe ya gwada irinsa, babu wanda ya kai ƙara gaban alƙali don an kwaikwayi zanensa. Abin da muhtasibi yake farauta shi ne algus da tadlisi, wato a ɓoye aibin haja ko a ba ta sunan da ba nata ba, kuma asalin wannan hukunci sananne ne ga kowane ɗalibin hadisi: ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa mai albarka cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi, ya tsawata wa mai shi don ya ɓoye jiƙaƙƙe ƙarƙashin busasshe. Buzun da ya yi tafiyar wata guda daga Azbin don sayen turkuɗi, sunan Kura yake saye kafin ya sayi ƙyalle, domin ya san babar Kura da bugun Kura, kuma idan aka miƙa masa na wani gari da sunan ɗan Kura an ci amanarsa, an kuma ci ta mutanen Kura baki ɗaya. Baturen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga garin kowace shekara da kuɗi wuri miliyan 300, ya kuma ga ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Wannan ciniki duka a kan suna ya tsayu, ba rajista, ba hatimin hukuma.

Sai dai tun a wancan zamani Kano ta ɗanɗani asarar suna ba ta sani ba. Fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Kano, wadda majema suke jemewa su rina, ayari yakan haura da ita hamada zuwa gaɓar teku, daga can fataken Turai su saye ta, su rufe littattafansu masu tsada da ita, suna kiranta fatar Maroko, saboda ta can ta biyo. Aikin na nan, sunan na can. Wanda ya je Calawa yau ya ga yadda kamfanonin jima suke loda fata zuwa Italiya da Sifen, a can a ɗinka ta jaka ko takalmi a buga mata tambarin wata ƙasa, zai gane cewa wannan tsohon ciwo bai warke ba.

A Turai kuwa doka ta bi wata hanya dabam, saboda inji ya sa kwafi ya yi arha ƙwarai, har mai kwafi yana iya kashe kasuwar mai asali cikin mako guda. A 1710 Ingila ta yi dokar Sarauniya Anne don kare marubuta littattafai. Abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar farko da ta kare zanen kayan masana'anta a can, ta 1787, saboda masu buga zane a jikin yadi aka yi ta, sa'ad da mazana na Landan suka koka cewa masaƙun arewacin ƙasar suna kwashe musu zane da zarar ya fito. Kuma kariyar da aka ba su wata biyu ce rak, daga baya aka mai da ita uku. Masu wannan doka sun fahimci cewa ran zanen tufa gajere ne, ribarsa duka tana cikin kwanakin da yake sabo a idon mata.

Ita kanta atamfa, wadda muke kuka a kan satar zanenta, da koyi aka haife ta. Mutanen Jawa, a ƙasar Indunusiya ta yau, su ne masu rinin batik, suna ɗiga kakin zuma a ƙyalle da hannu. Masaƙun Holan suka nemi yin irinsa da inji don su sayar musu, Jawawa ba su karɓe shi hannu biyu ba, sai wani ɗan kasuwa mutumin Sikotilan, Ebenezer Brown Fleming, ya karkato da hajar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma wajen shekarun 1890, inda ta sami karɓuwar da ba a zata ba. Masaƙun Manchester su ma sukan aiko a tattara musu samfurin saƙar baƙar fata su buga irinta su dawo mana da ita. Saboda haka lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, ya zo da akoko da alawayyo da atamfa a tarago, a wannan shekara ta 1912 kuma aka shimfiɗa wa ƙasar nan dokar haƙƙin mallaka ta Ingila ta 1911, dokar da ba ta san marinin Ƙofar Mata ba, shi ma bai san da zamanta ba.

Masana'antu irin na zamani sun fara kafuwa ne bayan da gyaɗa ta tara wa gari jari, ruwan famfo da lantarki kuma suka samu daga Calawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Bompai ce babbar yaya, wadda aka yanka wa filaye tun kafin samun mulkin kai, kusa da layin dogo, inda injinan matsar gyaɗa suka fara zama, sa'an nan masu alewa da sabulu da turare da kwanon sha da keke suka biyo baya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo da waɗanda suka gaje ta suka ga Bompai ta cika, sai aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi har uku, aka kuma buɗe Calawa a bakin kogi, wadda ta zama matattarar kamfanonin jima. Kuɗin man fetur na shekarun 1970, da dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, da hana shigo da yadi daga waje, suka haɗu suka sa attajiran gari, waɗanda kakannin wasunsu fataken goro ne, suka shiga harkar inji: Alhaji Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya, ga Universal Textiles a Bompai, ga Angel Spinning a Sharaɗa, daga baya kuma ga African Textile Manufacturers a Calawa, ban da manyan masaƙun Kaduna da suka faro tun 1957. Ana ƙiyasta cewa a ganiyar abin, cikin shekarun 1980, Nijeriya tana da masaƙu kimanin 175. Wanda ya rayu a lokacin yana tuna ƙarar jiniya da asuba, da kogin kekuna da ke malala kan titi idan masu aikin dare suka tashi, da masu kosai da koko da suka yi gidaje da cinikin bakin ƙofar kamfani.

Don ɗan ƙanena ya ji daga bakin mai ita, ranar wata Asabar na ɗauke shi zuwa Bompai wurin wani dattijo da na sani, wanda ya shekara ashirin da ɗoriya a ɗakin zane na wata masaƙa, yanzu kuwa gadi yake yi a ƙofar wani sito, a unguwar da ya yi ƙuruciyarsa. Muka same shi a kan benci, carbi a hannu. Da ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya shiga ɗakinsa na gadi ya fito da wata tsohuwar takarda naɗaɗɗiya, gefenta duk ya ci, ya warware ta a kan gwiwarsa. Zanen ganye ne da tsuntsu. Ya nuna mana da ɗan yatsa yadda ake raba zane launi-launi, kowane launi da nasa fallen, a huda kowanne a jikin bututun ƙarfe dabam, sa'an nan a jera bututan a kan inji yadi yana wucewa ƙarƙashinsu. Idan ɗaya ya goce da faɗin gashin kai, idon tsuntsu sai ya faɗo a kumatunsa, dila guda ta lalace. Ya ce zane ɗaya yakan ci makonni kafin a ga turmin farko.

Yaron ya ce, "Baba, ashe duk wannan wahala ce aka sace muku."

Dattijon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Ɗana, in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka. Mu ma mun kwafa. Alhaji zai zo daga Kantin Kwari da ƙyallen 'yar Holan a aljihu, ya ce a yi masa irin wannan, a sauya ganyen, a ƙara ja. Mu kuwa mu yi. Amma ka duba nan." Ya kamo bakin wani tsohon zane da ya rufe tulunsa da shi, inda ake buga sunan masaƙa da lambar zane. "Ba mu taɓa rubuta Holan a nan ba. Sunanmu muke sawa, mai saye ta san abin da ta saya."

A ganina wannan dattijo, wanda bai taɓa buɗe kundin doka ba, ya bambance abin da ɗalibai da yawa suke cakuɗawa, domin koyi dabam, algus dabam, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

To, me doka ta tanada wa mai irin aikinsa? A 1970 gwamnatin soja ta yi dokoki biyu a jere, ta 60 a kan ƙirƙira da zanen masana'anta, ta 61 a kan haƙƙin mallaka. Ta biyun ta yi rauni har marubuta da mawaƙa suka yi ta kuka, sai aka musanya ta da doka ta 47 a watan Disamba na 1988, wadda ta haifar da hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa. Wani abin sha'awa, a cikin wannan wata na Disamba na 1988 ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambari da wallafa da ƙirƙira haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya a urfin wannan zamani, shari'a tana kiyaye su, ta'adi a kansu bai halatta ba. Kuma wannan bai yi nisa da mazhabarmu ba, tun da Malikawa, tare da jamhurin malamai, suna lissafa manfa'a cikin dukiya. Ke nan ta fuskar boko da ta fuskar addini an yi ittifaƙi a kan asali. Wurin tafsili ne aka bar mai zanen atamfa a rana. Dokar haƙƙin mallaka tana kare marubuci tun daga ranar da ya ajiye alƙalami, ba tare da rajista ba, tsawon ransa da shekara 70 bayan mutuwarsa, amma ta cire zanen da aka yi shi da niyyar inji ya riƙa buga shi, ta tura shi ga dokar 1970. Ita kuwa wannan ba ta san kowa ba sai wanda ya yi rajista, a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya, ta ba shi shekara 5, ya sabunta sau biyu. Ta kuma sharɗanta zanen ya kasance sabo, bai riga ya fita ga jama'a ba, mas'alar da ɗalibai suke karantawa a shari'ar Ajibowo da Western Textile Mills ta 1976. Ma'ana, idan turmi ya riga takarda isa Kwari, haƙƙi ya faɗi. Idan kuma rigima ta tashi, ba alƙalin unguwa ba ne zai saurare ta, sai Babbar Kotun Tarayya. Masaƙar da ke fitar da zane barkatai kowane wata, wanda yawancinsa ba zai wuce salla ɗaya a kasuwa ba, yaya za ta bi wannan doguwar hanya a kan kowane ganye da kowane tsuntsu?

Ana cikin haka iska ta juya. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran inji da sinadarin rini suka yi tsada. Lantarki ya zama sai an gani, baƙin mai na tukunyar tururi ya yi wuya, auduga ta ja baya a gonaki. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, daga baya aka maido shi, amma ƙofa ta riga ta buɗe. Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, a farkon 2005 kuma aka soke ƙa'idar rabon kason tufafi tsakanin ƙasashe. Daga nan dila-dilan atamfar Sin suka riƙa sauka a Kwatano da Lome, su haura zuwa Maraɗi, su tsallako iyaka da dare su kwana a sito-siton Kano. Kuma abin da ya zo ya wuce koyi: an kwafi zanen, an kwafi lambarsa, an kwafi tambarin masaƙa, har an buga a bakin atamfar cewa a Nijeriya aka yi ta. Matar da ta je haɗa lefen ɗanta takan juya turmi ta karanta baki ta biya, sai an kai wanki biyu launi ya zube, ta tsine wa masaƙar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. An sace wa masaƙa ciniki, an kuma ɓata mata suna da hajar da ba tata ba. Wannan shi ne tadlisi tsantsa, jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe.

Wajibi ne a yi adalci a nan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin ba baƙo ne ya san zanen da matan Kano suke so ba. Ɗan gari ne yake yankar ƙyalle ya sa a jaka ya hau jirgi zuwa Guangzhou, kamar yadda ubansa yake kai ƙyallen Holan Bompai. Kuma ko da ba a kwafi zane ko ɗaya ba, masaƙar da ke ƙona man janareta dare da rana ba za ta iya gogayya da wadda wutarta ba ta ƙiftawa ba. Talaka ma yana da tasa hujja, tun da arhar nan ce ta sa ya iya yi wa iyalinsa ɗinkin salla. Duk da haka sakamakon a bayyane yake: babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, na Kano suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu gine-ginensu suka koma sito na ajiye irin hajar da ta kashe su. A 2015 marina suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu suna kuka cewa an fara shigo da yadi mai kama da rininsu, a wannan shekara kuma jami'an kwastan suka garƙame sito-sito da dama a cikin gari. An yi hayaniya kwana biyu, kasuwa ta koma yadda take.

Akwai wani darasi a gefe, wanda bai kamata ɗalibi ya tsallake shi ba. Lokacin da finafinan Hausa suka kunno kai, daga Turmin Danya na 1990 zuwa cikar kasuwa wajen 2000, masu shirya fim da dillalan kaset na Ƙofar Wambai sun ƙaga wa kansu tsarin da babu shi a kundin doka. Mai fim ba ya hana dillali juya kaset, shi dai yakan buga kwali, wato bangon kaset mai hotunan 'yan wasa, ya sayar wa dillalai, su kuwa su juya adadin kwalin da suka saya. Kaset marar kwalin asali shi ne na sata, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ce take hukunta mai shi, a ranar, a cikin kasuwa. Tsarin yana da nasa zalunci, masu fim sun sha kuka da bashin dillalai, kuma ya rushe da zuwan faifai da masu tura fim a waya. Amma shekarun da ya yi yana aiki sun nuna cewa mutanen garin nan suna girmama haƙƙi idan an ɗora shi a kan abin da ido ke gani, aka kuma sa mai hukunci kusa.

A ranar 17 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta shigo da hukunce-hukuncen intanet, ta ba da damar a sa a sauke aikin sata daga shafi, ta sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, ta kuma ci gaba da lissafa saƙar gargajiya cikin fasahar al'umma da hukuma take wakilta. Aiki ne mai kyau, mawaƙi da marubuci sun amfana. Amma dokar zanen masana'anta tana nan yadda aka bar ta a 1970, kuma nan ne fagen ijtihadin ɗalibai yake a buɗe. Abin da na faɗa wa ɗan ƙanena a hanyarmu ta komowa bai wuce uku ba. Na farko, ya nemi a ba sabon zane kariya gajeriya wadda ba ta bukatar rajista, kamar yadda Tarayyar Turai ta yi tun 2002 da kariyar shekara 3, wadda a haƙiƙa jikar dokar wata biyu ce ta 1787. Bayan wa'adin kowa ya koya, domin hana koyi har abada mafsada ce da za ta fara cin ƙananan masu sana'armu. Na biyu, ya ware ƙaryar suna ya tsananta mata, ya kuma nemi a kare sunan wuri, yadda Indiya ta yi wa shayin Darjeeling rajista a 2004, don kada a kira wani ƙyalle ɗan Kura ko rinin Ƙofar Mata alhali bai taɓa ganin karofi ba. Na uku, ya tambayi kansa wa zai zartar, a ina, da nawa, cikin kwana nawa. Gama hukuncin da zai fito bayan shekara huɗu a kan zanen da ya mutu bayan wata huɗu, ihu ne bayan hari. Na kuma gargaɗe shi kada ya yi wa alƙalan gasa alkawarin cewa doka za ta tayar da injin da babu wuta.

Ya yi kwana goma bai leƙo ni ba, sa'an nan ya dawo da sabon rubutu. Ya rage Amurka, ya bar tarar nan tasa a wurin masu jabun tambari kaɗai, ya buɗe maƙalarsa da bayanin yadda ake raba zane launi-launi. Na tambaye shi ko ya ambaci dattijon Bompai. Ya ce ya koma ya nemi izninsa, dattijon ya ce a bar sunansa, mai gadi ba ya son yawan baƙi, amma in ana son a yi masa alheri a rubuta lambar zanen nan na ganye da tsuntsu, domin shi ya zana shi, kuma ya sha ganinsa a jikin mata a titi da sunan wasu a bakinsa. Yaron ya rubuta lambar a shafin farko, ƙarƙashin sunansa, yadda magabata suke sa sunan mawallafi kafin nasu aikin ya fara. Allah Ya sa mu cika da amana.